Sunan Ɗan Fari a Rahoton Mabai

Shafi na 23

Salamu alaikum mutanena. Masu turo mini saƙo tun asuba wai na bar Samuel a kulle na je na yi kwanciyata, na ji, na kuma karɓi laifina. Ke kuma da kika ce in bai fito yau ba, za ki fice daga zauren nan, ɗan tsaya daga bakin ƙofa tukuna, kada ki sa takalmi.

*

Ƙarfe goma da 'yan mintuna ɗakin taro na Ƙanƙara ya cika maƙil, har wasu na leƙe ta taga. Kwamitin majalisa ne ya taso da kansa, zai zauna a kan kasafin Hukumar Bin Diddigin Ayyukan Karkara, wato hukumar da aka kafa don ta riƙa shiga ƙauye tana duba ko aikin da gwamnati ta biya an yi shi da gaske. A ƙa'ida sai kwamitin ya gamsu da aikin bara kafin a saki kuɗin baɗi. Bana kuwa shugaban kwamitin, Honarabul Gide, cewa ya yi ba zai saurare su a ofis mai sanyi ba, a zo inda aka ce an yi aikin, a tara mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su ji da kunnensu.

Najiba na zaune a layi na biyu, daidai bayan shugaban hukumar, Alhaji Salahuddeen, da fayil uku a kan cinyarta. Tun a mota ya ja mata kunne.

"Ki tuna, a wajen aiki ni Yallaɓai ne. Kawu a gida yake."

"To, Yallaɓai."

"Ko ke aka tambaya, ni zan amsa."

"To, Yallaɓai."

Shekara huɗu tana aiki a hukumar nan, babu wanda ya san Alhaji Salahuddeen yayan mahaifiyarta ne. Shi ya riƙe ta tun rasuwar babanta, shi ya sa ta makaranta, shi ya shigar da ita aikin ba tare da ta zauna jarrabawa ba. Tana sonsa, tana jin nauyinsa, kuma yau zuciyarta cike take da haushinsa.

Kwana goma sha tara ke nan Samuel, mai kula da rijiyar burtsatse ta Mabai, yana tsare. Gobe za a gurfanar da shi a kotu kan satar farantan sola. Hujja guda ɗaya tak ake da ita a kansa, ita ce takardar da ke cikin fayil ɗin sama a cinyar Najiba, kuma sa hannunta ne a ƙasanta.

Ita ta san abin da ta gani a Mabai wata uku da suka wuce. Tanki a tsaye, ƙarafa a kafe, faranti ko ɗaya babu. Mutanen gari suka ce ɗan kwangilar ya kafa farantan ranar buɗewa, aka yi hoto, bayan kwana uku ya zo da mota ya kwance abinsa ya kai wata rijiyar a Faskari, can ma aka yi hoto, daga nan ya wuce da su Sabuwa. Samuel ne ma ya sha gaban motar yana ihu. Abin da ta rubuto ke nan ta miƙa. Abin da ya fito da sunanta kuwa wani abu ne daban.

Alhaji Salahuddeen ya miƙe ya gyara babbar riga. Kai, mutumin nan Allah ya ba shi baki! Minti ashirin yana zuba, ya nemi sababbin motoci uku, ya nemi a ninka kuɗin fita daji, ya ce ma'aikatansa na shiga inda ko akuya sai ta yi tunani.

"Ranka ya daɗe, misali ɗaya ya isa," in ji shi, yana miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba. Najiba ta ɗora masa fayil ɗin. "Rahoton Mabai. A nan muka wanke ɗan kwangila da aka so a ɓata, muka gano ɓarawon na cikin gari. Kuma ba kowa ya ba da shaida ba sai uwar da ta haife shi."

Honarabul Gide ya ce, "Karanta mana."

Ya gyara murya.

"Ni Lidiya, matar marigayi Ɗanasabe, na ga ɗana Samuel da idona yana kwance farantan. Na ce masa, Samuel, ka ji tsoron Allah. Amma Samuel bai saurare ni ba."

Daga can baya, wajen da matan Mabai suka zauna, sai aka ji "Kai!" Wata ta tafa hannu, wata ta kwashe da wata irin dariya wadda babu daɗi a cikinta.

"Lafiya?" in ji Honarabul Gide.

Wata mata mai goyo ta miƙe.

"Ranka shi daɗe, sunana Grace, matar wanda aka kama. Ga wadda aka ce ta hwaɗi maganar nan. A tambaye ta."

Najiba ta sunkuyar da kai. Ita ta kira Grace jiya da rana ta wayar wata ƙawarta, ta ce ko da goyo ne ku kawo Baba Lidiya.

Alhaji Salahuddeen ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin jadawalin zama."

"Mu muka rubuta jadawalin, Alhaji. Zauna. A kawo wa Baba kujera."

Baba Lidiya 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ɗaura zanen zumuntar mata na majami'a wanda ya koɗe, tana dogara sanda. Ta ƙi kujerar. Ta ce ita ba ta saba zama sama a gaban manya ba, ta zauna a kan siminti ta miƙe ƙafa, sai da aka sauko mata da abin magana.

"Baba, sannu da hanya."

"Yawwa, sannunku da aiki."

"Kin ji abin da aka karanta?"

"Na ji da kunnena."

"Ke kika faɗa?"

"Ban hwaɗa ba."

"To wa yake kula da rijiyar garinku?"

"Shina hannunku, an kama shi."

"Wa aka kama?"

"Wanda ka kula da rijiyar."

Aka ɗan yi dariya. Honarabul Gide ya matso da kujerarsa.

"Baba, sunansa nake tambaya."

Tsohuwa ta kawar da kai. Ta kama bakin zanenta tana murzawa, ta ƙura wa siminti ido.

Alhaji Salahuddeen ya yi murmushi ya buɗe hannuwa.

"Kun gani ko? Tsufa ne, ranka ya daɗe. Ko sunan ɗanta ba ta riƙe ba, ina za ta tuna abin da ta faɗa wata uku baya? An dai ɗauko ta an kitsa mata."

A ƙarshen teburin kwamiti akwai wani dattijo, Malam Ɗanliti, haifaffen Sabuwa. Tun da aka fara zama bai ce uffan ba, har wasu na zaton gyangyaɗi yake. Sai ga shi ya cire tabarau ya ajiye.

"Shugaba, ba ni ita." Ya dubi tsohuwa. "Baba, 'ya'yanki nawa?"

"Tara na haihwa. Shida na raye."

"Lissafa mini masu ran."

Nan take bakinta ya buɗe.

"Akwai Yahuza, shina Pauwa shina noma. Akwai Hajaratu, tana aure Faskari. Akwai Adama. Akwai Abdulƙarim, shi ya musulunta, shina nan Ƙanƙara da iyalinai lahiya lau. Sai auta, Asma'u."

"Biyar na ƙirga, Baba."

Baba Lidiya ta sake kama bakin zanenta tana murzawa.

"Wanda kika tsallake, na farin ne?"

Ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe rabin fuska, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Ɗakin nan ya ɗauki guna-guni gaba ɗaya. Dattawan da ke layin gaba suka shiga kallon juna suna jinjina kai.

To, ku 'yan zamani masu ɗora hoton ɗan fari a waya kuna jera masa suna uku-uku, bari in gaya muku. Iyayenmu na da, musamman na karkara, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma wadda ta riƙe ta ba ta saki don an shiga coci ko an shiga masallaci. Ni kaina kakata har ta koma ga Allah "wannan yaron" take ce wa babana, yana da furfura.

Malam Ɗanliti ya ce, "Ni ɗan fari ne. Shekarata sittin da ɗaya. Uwata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Alhaji, sake karanta mana takardar nan. Sau nawa ta kira sunan?"

Alhaji Salahuddeen ya kifa takardar a kan tebur.

"Sau uku," wani ya amsa daga taga.

Baba Lidiya ta sauke ɗankwalin, idonta ya kaɗa.

"Shekara arba'in da biyu ban taɓa ba. Ran da aka yi mai baftisma, fasto ya tambaya, ubanai ya hwaɗa. Shina shekara shida ya zurma rijiyar bayan gida, ni kaɗai na gani. Gudu na yi ina ihu, ku zo, yaron ga, yaron ga! Ko ran nan bakina bai kama ba. Sannan a ce wai na zauna gaban baƙi na kira shi sau ukku, kuma da sata? Mi na yi muku?"

Wallahi sai da hawaye ya zubo wa Najiba. Ta sa gefen mayafi ta goge da sauri kafin kawunta ya waiwayo.

Shi kuwa Alhaji Salahuddeen ba a banza ya shekara talatin a aikin gwamnati ba. Zufa ta keto masa, amma ya miƙe tsaf, ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, ni ma Bahaushe ne, na san al'ada, ina kuma girmama ta. Amma kotu ba ta aiki da kunya, da suna take aiki. In kwamiti zai rubuta wa kotu cewa wannan baiwar Allah ta janye shaida, dole ta faɗa a kan rantsuwa wa take wankewa. In ba za ta iya faɗa ba, to ba ta wanke kowa ba." Ya ɗan dakata. "In kuwa ta iya faɗa yau, ashe ran nan ma ta iya."

Kun ji mugunta? Ta ko'ina ya toshe.

Honarabul Gide ya juya ga akawun kwamiti. Akawu ya sosa ƙeya ya ce gaskiya takardar rantsuwa sai da cikakken suna daga bakin mai rantsuwa.

Baba Lidiya ta ce a hankali, "Baban Nasara nika nuhi."

"Nasara nawa ne daga Mabai zuwa Pauwa?" in ji Alhaji Salahuddeen. "Ni kaina na san huɗu."

Grace ta durƙusa kusa da surukarta, goyo na kuka, ita ma tana kuka.

"Baba, don Allah ki hwaɗa. Gobe za su kai shi. Sau ɗaya, Baba, Allah ya ga zuciyarki."

Tsohuwa ta dubi Grace, ta dubi jikanta a baya. Ta ajiye sanda. Ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai shirin ɗaukar kaya mai nauyi. Ta buɗe baki.

"Baba, rufe bakinki!"

Kowa ya waiwaya. Najiba ce a tsaye, fayil biyu sun zube a ƙasa.

"Rufe bakinki, Baba. Ba sai kin faɗa ba. Ni zan faɗa."

"Zauna," Alhaji Salahuddeen ya ce ƙasa-ƙasa, ta tsakanin haƙora.

Ta wuce shi kamar ba ta ji ba, ta fito tsakiyar fili. Ta riga ta yanke shawara.

"Ke wace ce?" in ji Honarabul Gide.

"Najiba, jami'ar bincike. Ni aka tura Mabai. Sa hannun da ke ƙasan takardar nan nawa ne."

Baba Lidiya ta ƙanƙance ido tana kallonta.

"Ke ce ɗiyar da ta zo bisa babur? Wadda na dama ma hura?"

"Ni ce, Baba."

"Har na ba ki tabarmata kika yi sallarki a ɗakina?"

"Ni ce."

"Ke kika rubuta na ce haka?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi. Najiba ta durƙusa a gabanta.

"Hannuna ne a ƙasa, Baba. Maganar ba tawa ba ce. Amma kwana goma sha tara ina sane na yi shiru, wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa."

Ta miƙe, ta buɗe jakarta, ta ciro wani ɗan littafi mai baƙin bango da duk ya lanƙwashe.

"Ranka ya daɗe, ga littafin da nake shiga daji da shi. Shafi na tara. Na tambayi Baba wa ke kula da rijiya, ta ce wancan na gidan. Na tambayi matarsa, ta ce Baban Nasara. Sai da na fita waje wani maƙwabci ya gaya mini sunansa Samuel Ɗanasabe. Duk na rubuta, har da lambar motar da ta kwashe farantan, da ranar da aka kafa su a Faskari, da ranar da aka kai su Sabuwa. Samuel bai saci komai ba. Shi ya tare motar."

Honarabul Gide ya karɓa, shi da Malam Ɗanliti suka haɗa kai suna dubawa.

"To yaya aka yi hannunki ya hau takardar da ba ki rubuta ba?"

"Haka muke aiki, ranka ya daɗe."

"Kamar yaya?"

"Duk farkon wata uku ana raba wa kowane jami'i takardun shaida guda arba'in, babu rubutu a jiki, mu sa hannu a ƙasa mu mayar. An ce don kada aiki ya tsaya in mutum yana daji."

"Ƙarya take yi!" Alhaji Salahuddeen ya daka tsawa. "Yarinya ce, an ruɗe ta!"

Najiba ta ba shi baya. Komawa ta yi ta ɗauko fayil na ƙasa, wanda shi da kansa ya ce ta riƙe kada ta bari kowa ya taɓa, ta ɗora a teburin kwamiti ta buɗe.

Honarabul Gide ya zaro takarda ɗaya ya ɗaga sama. Fara fes, sai hatimin hukuma da sa hannu a ƙasa. Ya zaro ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ya daina zarowa.

"Innalillahi," in ji Malam Ɗanliti. "Waɗanda muka sa su duba mana aiki ke nan."

Honarabul Gide ya buga tebur sai da robar ruwa ta faɗi.

"Akawu, rubuta. Maganar motoci babu ita. Kasafin hukumar nan ya tsaya cak, ba za mu kai wa majalisa shi ba sai mun bi rahotannin bara ɗaya bayan ɗaya, gari bayan gari. A kulle wannan fayil a hannun kwamiti."

Ɗaki ya kaure da tafi. Grace ce kaɗai ba ta tafa ba.

"Ranka shi daɗe, shi hwa? Gobe ne hwa."

Honarabul Gide ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dubi Najiba, ya sauke murya.

"'Yata, saurara da kyau. Yau ɗin nan kafin la'asar zan iya aika wa kotu takarda cewa rahoton nan jabu ne. Amma in na aika haka kawai, lauya zai ce ke kika rubuta, ke kika dawo kika warware, wadda ta yi ƙarya sau ɗaya ba a kama maganarta. Yaron zai ci gaba da zama. Sai in kin rantse kin faɗi wanda ya cike takardar da hannunsa, a kawo rubutunsa a gwada. Kin san rubutun?"

"Na sani."

"Kin tabbata?"

"Da wannan rubutun aka koya mini rubuta sunana."

Bai gane ba, ya wuce.

"Kin san aikinki ma zai iya tafiya a cikin maganar nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Tun jiya na kwashe kayana daga ofis."

Aka kawo Alƙur'ani. Ta ce tana da alwala, ta dafa, ta rantse.

Tana sauke hannu ta ji muryar Alhaji Salahuddeen a bayanta, ba irin ta ɗazu ba. Muryar gida ce, wadda yake tashinta da ita sallar asuba tana ƙarama.

"Najiba. Ki tuna uwarki. Da wane ido za ki shiga gida?"

Najiba ta runtse ido. Ta tuna ranar da ya ɗauko ta daga gidan makoki a kafaɗarsa. Ta tuna akwatin da ya saya mata za ta makarantar kwana. Sai idonta ya sauka kan Baba Lidiya, tana nan zaune a siminti, hannuwanta biyu har yanzu a dafe da ƙasa, tana jira ta ga ko sai ta buɗe bakin nan.

"Muna jinki," in ji Honarabul Gide, biro a hannu. "Rubutun wane ne?"

Najiba ta juya gaba ɗaya ta fuskanci Alhaji Salahuddeen. Hawaye na zuba, ba ta goge ba. Ta ɗaga hannu ta nuna shi, ta yi magana da ƙarfi yadda har na bakin taga sai da suka ji.

"Kawu, ka yafe mini. Rubutunka ne."

Biron Honarabul Gide ya tsaya a kan takarda. Ya ɗago kai a hankali, ya dubi Alhaji Salahuddeen, ya dubi Najiba.

"Me kika kira shi?"